Jinyar Murjani a Kara-Kara

Ranar da zai tafi bai zauna ya karya kumallo ba. Tun da na idar da sallar asuba nake jin motsinsa a ɗakin da ke jikin nawa, yana zuba ruwa, yana goge gilashi. Da hantsi ya zo ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Hajiya, in kin sami sarari ki zo in nuna miki."

Ɗana ne na fari. A lokacin shekarunsa talatin da huɗu, ni kuwa ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Haka aka tashe mu. Ɗan fari ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa gidansu na unguwar Birni, can ya girma, ni ina matarnite, asibitin haihuwa, ina karɓar haihuwar ƴaƴan mutane. Sai bayan rasuwar mahaifinsa, ƙannensa mata duk sun yi aure sun watse, ni ma na ajiye aiki, sannan ya dawo gidanmu na unguwar Kara-Kara, nan Damagaram, ya zauna da ni. Shekara biyar muna gida ɗaya, amma maganarmu da wuya ta wuce gaisuwa da "ga abinci nan".

Abin da zai nuna mini akwati ne na gilashi, tsawonsa kamu biyu da rabi, cike da ruwan gishiri. Ya yi karatun kiwon kifi a wata ƙasa ta bakin teku, ya dawo ya kama aiki a ma'aikatar ruwa da daji, yana zuba ƴaƴan tarwaɗa da karfasa a tafkunan ƙauyuka. Amma ransa bai baro teku ba. Kaɗan-kaɗan ya riƙa kawo guntayen murjani daga wurin wani abokinsa na Kano, cikin kular ƙanƙara, yana dasawa a kan duwatsu a cikin akwatin nan. Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen wuya na kakanninmu. Shi ya ce mini wannan mai rai ne, yana ci, yana girma, yana fushi. Ban yi masa gardama ba, ban kuma taɓa tsayawa na duba da kyau ba sai ranar.

Iri uku ne manya. Akwai mai rassa kamar ƙahon barewa, bakin kowane reshe shuɗi. Akwai wani da ya malale a kan dutse kore shar kamar sabuwar ciyawa, yana kaɗawa in ruwa ya buge shi. Na ukun faffaɗa ne kamar faifai, ja. Kifi uku ne a ciki, biyu masu ruwan goro da farin zane, ɗaya ƙarami shuɗi, sai ƴan katantanwa da ke bin gilashi suna lashe datti.

Ya sami aiki a wani tsibiri can gabashin Afirka, inda ake dasa murjani a cikin teku kamar yadda ake dashen itatuwa. Akwatin ba ya ɗaukuwa. Ya miƙo mini kaye, littafi irin na ƴan makaranta, da ya cika da rubutunsa, ya nuna mini ma'aunin zafi, ya nuna mini wani ɗan bututu da ake ɗiga wa ruwa a duba a haske a ga yawan gishiri. Ya nuna injin da ke tace ruwan famfo, da bokitin gishirin teku, da gwangwanin abincin kifi.

"Ba wuya, Hajiya. Wadda ta yi shekara talatin tana gardi, tana kwana kan aiki a matarnite, ba za ta kasa wannan ba."

"To," na ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Na koma madafa. Ina jin kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, ina jin ya tashi. Ban leƙa ba.

Wata biyu na farko komai lafiya. Yakan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu gaisa, ya tambayi ƙannensa, in ce suna lafiya, ya ce a gaida kowa. Minti biyu an gama. Ni ban taɓa kiransa ba. Me zan ce?

Hannuna dai ya ƙi koyon awon mutum ɗaya. Kullum sai tuwo ya yi saura, in aika maƙwabta. Da rana kuwa, in gidan ya yi tsit, sai in ɗauki ƴar kujerata in shiga ɗakinsa in zauna gaban akwatin. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi, takalmansa na shiga tafki a bayan ƙofa. Kifayen suka san ni. Da na shigo sai su taso saman ruwa suna buɗe baki. A kaye an rubuta sau ɗaya a yini, abin da yatsu biyu suka tsinta. Ni kuwa ban iya ganin abu mai rai yana buɗe mini baki in juya baya. Na ƙara musu da azahar. Daga baya na ƙara da la'asar.

A hankali launi ya fara dushewa. Shuɗin bakin rassan ya koma ruwan ƙasa. Jan faifan ya zama kamar tsohon kasko. Gansakuka ta fito a kan duwatsu, gilashin da nake gogewa da safe kafin yamma ya sake yin duhu. Na karanta kaye daga farko zuwa tsakiya, ban ga inda na kuskure ba, ko kuwa ban so in gani ba. Kwana huɗu ina ɗaukar salula ina ajiyewa. Ranar Talata na ɗauki hoto na aika masa, sannan na danna kira.

Ya ɗauka da sauri. "Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau. Abin nan naka ne ya canza launi."

Na ji ya sauke numfashi. Ya duba hoton, sannan ya ce, "Sau nawa kike ba su abinci?"

"Yadda ka rubuta."

Ya maimaita tambayar.

"Da ɗan ƙari," na ce.

"Ƙarin nawa?"

"Safe, azahar, la'asar."

Sai ya yi dariya. Na sha jin dariyarsa ta katanga in yana tare da abokansa, amma ban tuna ranar da ya yi ta da ni ba. Ya bayyana mini cewa a jikin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke ciyar da shi in haske ya sauka. In abinci ya yi yawa a ruwa, ya zama taki, sai tsirran nan su yi yawa su rufe launinsa na asali. Ya ce in koma sau ɗaya, in riƙa kwashe bido ɗaya, wato jarka, na ruwan kowane mako in zuba sabon haɗi. Ya gaya mini yadda ake dama gishirin a bar shi ya kwana kafin a zuba. Na yi tambaya, ya amsa, na sake yi. Da na ajiye salular na duba, mun yi minti arba'in. Tun da na haife shi ba mu taɓa yin magana mai tsawon haka ba.

Daga nan Talata ta zama ranar murjani. In aika hoto, in karanta masa abin da ma'auni ya nuna, ya ce ƙara wannan, rage wancan. Bayan mako shida shuɗin ya fara leƙowa a bakin rassa. Kifayen dai sun daɗe suna kallona kamar na ci amanarsu.

Sai bazara ta shigo, azumi ya faɗo a cikinta. Wanda ya san zafin Damagaram a wannan lokaci ba ya bukatar bayani. Ya sa kilim mai sanyaya iska a ɗakin saboda akwatin, amma kilim sai da kuran, wato wutar lantarki, kuran kuwa a bazarar nan ana ɗauke shi tun hantsi, wani lokaci har magariba. Faya-fayan hasken rana da ya kafa a kan rufi suna iya juya ruwa da kunna fitila da fanka, ba sa iya ɗaukar kilim. A kaye ya ja layi biyu ƙarƙashin magana ɗaya: kada zafin ruwa ya wuce ashirin da bakwai. Na ga talatin. Washegari na ga talatin da ɗaya.

Maƙwabciyata, wadda katangarmu ɗaya, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana da firigo babba mai aiki da hasken rana. Na je na same ta tana ƙulla leda, mata sun yi layi da kuloli. Na ce ina son ta riƙa daskarar mini da kwalaben roba huɗu kullum.

"Hajiya, ke kaɗai a gida, kwalba huɗu?"

"Ba ni zan sha ba. Na kifi ne."

Ta dube ni, ta dubi matan. "Su ma azumin suke yi?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba. Ko da masu saye sun yi mata yawa, nawa na gefe a rufe da buhu. In saka kwalba ɗaya a ruwan a rufe, in ta narke in cire in sa wata. Na dawo da halin gardi, ina duba ma'auni kowace awa ina rubutawa kamar mai naƙuda ce a gabana. Da na ga ƙanƙara ba ta isa, sai na tuna randa. Me ke sanyaya ruwan randa in ba iska da ke bugun jiƙaƙƙen jikinta ba? Na jiƙa buhunan algarara na rataya a taga, na ɗora fanka a kan kujera ta riƙa hura saman ruwan. Zafin ya sauko zuwa ashirin da tara. Da na gaya masa ya ce, "Hajiya, wannan dabarar ba ta cikin kayena." Yinin nan duk na yi shi da maganar a raina.

Duk da haka mai rassan bai jure ba. Wata safiya na ga gindinsa ya yi fari. Washegari farin ya hau har tsakiya, naman jikinsa yana saɓulewa kamar tsumma. Cikin mako ɗaya ya zama fari fat, ƙashi zalla. Na sha ganin abin da ya fi wannan a wurin aiki, na kuma iya fita in gaya wa dangi gaskiya ba tare da muryata ta girgiza ba. Amma wannan na kasa. Talata ta zo, na tsaya ta gefen dama na ɗauki hoto yadda dutse zai kare shi. Talata ta gaba ya ce mu yi kira mai hoto. Ina nuna masa koren, ina nuna masa jan, sai ya ce, "Hajiya, matsa da salular hagu kaɗan."

Na matsa.

Ya daɗe yana kallo. Na san labarin wannan murjanin, don ƙanwarsa ta taɓa gaya mini: guntu ne kamar gaɓar yatsa ya kawo, shekara huɗu yana renonsa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Kwana tara."

"Ba komai. A nan ma cikin teku haka suke yi in ruwa ya yi zafi. Mu da muke da kayan aiki ma muna rasawa." Sai ya ƙara da cewa, "Ki cire shi kawai, kada ya ɓata ruwan. Kina shan ruwa sosai da buɗa-baki? Na ga kin rame."

Na ce masa hasken ɗakin ne. Na sa hannu na ciro ƙashin, ba nauyi, na wanke, na rasa inda zan jefar. Yana kan tagar ɗakina.

Ban gama da wannan ba sai koren ya rufe. Ciyawar nan da ke kaɗawa ta shige ciki, dutsen ya zama fata mai ruwan hanta. Na auna zafi, daidai. Abinci sau ɗaya. Ya ce in ɗiga ruwa a bututun gishiri in karanta masa. Na yi mako uku ban duba shi ba, hankalina duk yana kan zafi. Da na faɗi lambar sai ya ce in sake dubawa. Na sake.

"Fanka tana ƙafar da ruwa da yawa," ya ce. "In ya ragu, da me kike cikawa?"

"Da haɗin gishiri mana. Ba ruwan teku ba ne?"

"Hajiya, in miya ta tsotse a kan wuta, gishiri kike ƙarawa ko ruwa?"

Kunya ta kama ni. Shekara arba'in ina miya. Maganar ma tana cikin kaye, a shafin da ban kai ba. Na ce bari in kwashe rabi yanzu in cika da ruwan daɗi, ya ce a'a, kofi biyu da safe, kofi biyu da yamma, har mako ya zagayo. Murjani ba ya son gaggawa ko da ta gyara ce. Ranar kwana na goma ina zaune sai na ga ƴan kore-kore sun fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, kamar gero a kwana na uku da shuka.

Damina ta faɗi, zafi ya sauka, na ce na huta. Sai famfo ya ɗauke. Wannan ba sabon abu ba ne a garinmu, mun saba da ƴan garuwa. Amma ruwan garuwa da na zuba wa injin tacewa ya toshe shi, sai ɗigo-ɗigo yake fitarwa, daga baya ya tsaya. A makon ne ƙanwata ta zo daga ƙauyen Droum ganin likitan ido, ta sauka wurina. Manomiya ce, mijinta manomi, ba ta da haƙurin abin da ba a ci. Ta tsaya gaban akwatin ta ce, "Yaya, duk wahalar nan, ko miya ɗaya ba za su yi ba." Amma da ta ga na damu da ruwa sai ta ce, "Ga ruwan Allah yana zuba kina neman na inji? Akwai ruwan da ya fi na sama tsarki?"

Maganar ta shige ni. Muka tara robobi a ƙarƙashin indararo, muka bar na farko ya wanke rufi, muka tari na baya, garau da shi. Da shi na riƙa cikawa, da shi na yi sabon haɗi. Bayan kwana biyar katantanwa suka fara faɗowa daga gilashi. Jan faifan ya tsuke, ya koɗe, bakinsa a buɗe. Koren ya sake rufewa.

Wannan karon ya rasa gane kan abin. Gishiri daidai, zafi daidai. Ya tambaye ni ko na fesa maganin sauro a ɗakin, ko na sa hannu da sabulu ko man shafawa, ko wani ƙarfe ya faɗa ciki. Duk a'a. Kwana uku muna waya safe da yamma. Ban yi tunanin faɗin maganar ruwan sama ba, don a ganina ba abin faɗi ba ne. Rana ta uku da la'asar muna cikin magana hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfi, har ba na jin sa sosai.

"Wannan ƙarar ruwa ce a kan kwano?" ya ce.

"Ita ce."

"Hajiya, injin nan da kika ce yana wahala, ya gyaru? Da wane ruwa kike cikawa?"

Na gaya masa. Ya ce to, an gano. Ruwan sama ba laifinsa, rufin kwano ne. Yana sakin wani ƙarfe a ruwa wanda mutum ba zai ji ba, kifi ma zai jure, amma murjani da katantanwa guba ne a gare su. Ya ce a cikin durowar teburinsa akwai jakar wani baƙin gawayi na musamman, in wanke in rataya inda ruwa ke gudu. In aika garaji a sayo ruwan batir, wanda ba a haɗa da komai ba, in riƙa canza ruwan da shi kafin abokinsa na Kano ya aiko da kayan injin a kar, babbar motar fasinja.

Na rubuta duka. Na ce, "To, sai an jima."

"Dakata, Hajiya. Ki bar salular haka kaɗan."

Ban gane ba da farko. Sai na lura ba magana yake so ba. Na miƙa hannu wajen taga na riƙe ta. Ruwa yana dukan kwano, indararo yana zuba, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Mun kai minti biyar haka. Daga baya ya ce, "A nan kusan kullum ana ruwa, amma ba ya yin wannan ƙarar." Ya yi sallama.

Ƙanwata tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa tana gyaran zogale, ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, laifina ne, ki yafe ni."

"Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba."

Ta ci gaba da tsinke ganye. Can ta ce, "Waɗanda muke jin kunyarsu a kansa duk sun mutu fa. Uwar mijinki ta tafi, mijinki ya tafi, Inna ta tafi. Wa ya rage da zai ce kin yi rashin ta-ido?"

Na ce mata ta kula da zogalenta, tana zubar da rabi a ƙasa.

Jan faifan ya ɗauki wata biyu kafin ya dawo, bai kuma dawo da jan da na fara gani ba, ya tsaya a wani launi kamar na dabino. Koren kuwa da ya farfaɗo sai ya yi ta yaɗuwa, ya cinye dutsensa ya haura gilashin baya. Kayan inji suka iso. Abokin nasa ya haɗo da guntun mai rassa a cikin kula, ƙarami, bai kai ɗan yatsana ba. Na dasa shi yadda aka gaya mini, can sama kusa da fitila. Zuwa kaka ya kama dutse, ya fitar da ƙaho biyu.

Sai komai ya daidaita, abin da ban shirya masa ba. Talata ta zo, na aika hoto, ya rubuto, "Ya yi kyau, sannu da ƙoƙari." Talata ta gaba ma haka. Aiki ya yi masa yawa a lokacin, suna yini a cikin ruwa. Muka koma gaisuwar Juma'a ta minti biyu. Nakan zauna gaban akwatin, ruwa garau, kowa a buɗe yana kaɗawa, in ji kamar an sake yin tafiyar. Har na kama kaina ina duba ma'auni da fatan in ga wani abu.

Mako na huɗu na kasa haƙuri. Na kira shi ranar Laraba da hantsi.

"Koren nan," na ce, "kamar ya ɗan koɗe ta gefe ɗaya."

"Nuna mini."

Na juya salular. Koren yana nan shar, ko makaho ya shafa ya san lafiyarsa lau. Ya duba, ya ce in matsa kusa, na matsa. Ya ce in nuna ta sama, na nuna. 

"Lafiyarsa lau, Hajiya," ya ce a hankali. Sannan ya ce, "Ni ma lafiyata lau. Na yi mura makon jiya, ta warke. Abincinsu kwakwa ta yi masa yawa, amma na saba. Ina da ɗaki a sama, taga tana kallon ruwa. Bari ki gani."

Ya juya tasa salular. Ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Shuɗi ne har inda ido ya ƙare, da ƙananan jirage na katako a baki, da wasu mata suna tafiya cikin ruwa zuwa gwiwa da kwanduna a ka. Na tambaye shi me suke ɗiba, ya gaya mini. Na tambaye shi wa ke yi masa wanki, ya ce shi. Na tambaye shi masallaci da nisa, ya ce ga hasumiyarsa can, ya nuna. Tambayoyin da na tara tun yana Birni wurin kakarsa, waɗanda nake aikawa ta bakin wasu, ranar na yi kaɗan daga cikinsu da bakina. Ba mu sake maganar murjani ba har muka ajiye.

Tun daga nan nakan kira ba tare da dalili ba, ba kullum ba, don hali ba ya fita rana ɗaya. Wani lokaci in fara da ma'auni, ya bar ni in gama karantawa, sannan ya ce, "To, yanzu ba ni labarin gari."

Mun sa rai zai zo konje, hutun aiki, da babbar sallar da ta biyo baya. Sai aka sabunta masa aikin na wasu shekara biyu, aka kuma ba shi sabon wurin dashe da ba zai iya bari ba. Da ya gaya mini na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na kuma yi nufin abin da na faɗa, amma tuwon ranar ban ci ba. Bayan kwana biyu ya kira ya ce ya yi tunani. Tunda shi bai iya zuwa, ni in zo, in yi wata ɗaya.

"Akwatin fa?" na ce.

"Maƙwabciyarki ta riga ta san rabin aikin. Ki koya mata sauran."

Na ce zan duba. Washegari na je wurin mai hoto. Na cika takardun fasfo, na tafi Yamai a kar na dangwala yatsa na dawo. Fasfo ya fito. Saura izinin shiga ƙasar tasu, wanda ofishinsa ke nema mini. An ce wata ɗaya, ga shi an shiga na biyar. Maƙwabciyata ta iya dama gishiri, ta iya duba bututu a haske, har gardama take yi mini a kan lamba.

Na tambaye shi me zan kawo masa. Ya ce ba komai, ni dai in zo. Na matsa, sai ya ce kuka da daddawa, da yaji irin wanda nake dakawa da citta da masoro da ƙuli-ƙuli. Ban san ya lura da yajina ba, bai taɓa cewa komai a kansa ba. Na sayo kayan a kasuwar Dole, na shanya, na daka da hannuna, na cika kwalba biyu na ɗaure bakinsu da leda. Suka zauna a cikin jaka wata uku. Da na buɗe ɗaya na shinshina, ƙanshin ya tafi. Na rabar wa maƙwabta.

Shekaranjiya na sayo wata cittar. Tana kan tabarma a tsakar gida tana shan rana, gobe in Allah ya kai mu zan daka.